Gonar da Ke Rarrafe

Kusan shekara takwas aka yi ba wanda ya ci tuwon gidanmu a ƙauyenmu, in ka cire mu da aka haifa a cikinsa. Inna takan zuba a kwano ta aika maƙwabta kamar yadda aka saba, a dawo mata da shi a rufe, da godiya mai yawa da uzurin wai yanzun nan aka tashi daga cin abinci. Kowa ya san dalili. Ubana, Malam Sa'idu, ya rantse da Alƙur'ani a kan iyakar gona, wata bakwai bayan nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutanen garinmu suka haɗa wannan da wancan, suka yanke hukunci cewa rantsuwa ce ta ci shi.

Sunana Rekiya, ni ce babbar 'yarsa. Ina koyar da lissafi a wata firamare a Dutsin-Ma, inda nake aure, ƙauyenmu kuma yana can bayan Rawayau. Duk Juma'a in an tashi daga makaranta nakan hau mashin in je in taya Inna juya Baba, in wanke masa kaya, in kwana biyu in dawo. Ina da zafin rai, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma abin da zan faɗa bai rage mini shi ba.

Ga yadda gonar take. Kakanmu ya bar fili ɗaya a kan gangare, tsakanin duwatsu biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, can ƙasa kuma ƙorama ce. Da ya rasu aka raba filin biyu, na sama ya zama na Baba, na ƙasa na ƙanensa, Baffa Rabo. Aka ja igiya daga tsagar dutsen gabas zuwa tsagar na yamma, aka dasa bini-da-zugu a bin igiyar, aka shafa fatiha aka watse. Shekara talatin da huɗu ba wanda ya ƙara waiwayar maganar.

Wata rana bayan girbi Baffa Rabo ya hau dutsen gabas neman sabis ɗin waya, don a ƙauyenmu sai a can ake samu. Daga sama ya hango layin bini-da-zugun nan. Bakinsa biyu suna nan inda aka dasa su, amma tsakiyar ta lanƙwaso ƙasa, ta shigo cikin gonarsa kamar baka. Ya sauko ya ɗauko igiya ya ja daga tsaga zuwa tsaga. Taku uku cur tsakanin igiyar da shukar da ke tsakiya.

Ba zan yi masa ƙarya ba, abin da ya gani ya gani. Taku ukun nan suna nan, kowa ya je ya auna da ƙafarsa. Abin da ban yafe ba shi ne saurin da ya yi na cewa yayansa ne yake tone shukar kaɗan-kaɗan yana matsar da ita, shekara da shekaru, kamar ɓera. Baba fa, mutumin da tun ina yarinya shi ake kira ya raba naman watanda da Sallah, don an san hannunsa ba ya karkata ko da kason gidansa ne a gabansa.

Dattawan dangi suka zauna. Baffa Rabo ba shi da shaidar da ta ga ana tona, saboda haka rantsuwa ta hau kan wanda ake tuhuma. Liman ya ja wa Baba kunne har sau uku, ya ce taku uku ne kawai, ya haƙura ya bar su. Baba ya ce in ya bar su ya yarda shi ɓarawo ne. Ya yi alwala, ya ɗora hannu, ya ce bai taɓa matsar da iyakar nan ba, bai kuma sa wani ya matsar ba. Aka bar masa takunsa uku. Da damina ta faɗi, yana tsakiyar noman farko, ya yanke jiki ya faɗi a cikin kunya.

Likita a Dutsin-Ma ya ce hawan jini ne, ya daɗe a jikinsa ba a sani ba. Na maimaita wannan magana har bakina ya gaji. Sai a gyaɗa mini kai a ce, "Haka ne, Malama, Allah Shi ba shi lahiya." Ba wanda ya zage mu. Da ma sun zage mu, da na san inda zan sa bakina. Sai dai aka daina kiran sunansa a zaman gari, aka ba wani rabon watanda, masu zuwa dubiya suka koma tsayawa daga bakin zaure su gaida Inna su wuce. Baffa Rabo kuwa bai ƙara taka gidanmu ba. In an taɓo masa zancen sai ya ce shi bai ce komai ba, Allah ne Ya yi hukunci.

Muna da namiji ɗaya, ƙanena Mutawakkil. Shekarar da Baba ya kwanta ya samu tallafin karatu zuwa Rasha, Inna ta ce ya tafi, zamansa ba zai ta da kowa ba. Ya gama, aka ɗauke shi aiki can arewacin ƙasar, wurin da ya ce ƙasa a daskare take tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, ko da bazara samanta kawai ke narkewa. Aikinsa wai auna gangaren da hanya ta ratsa ta gindinsu. Ni dai na sha gaya masa cewa an kai shi ƙarshen duniya ya yi gadin ƙasa kada ta gudu, ana kuma biyansa. Yakan turo hotuna a waya, shi da wata hula mai kunnuwa, gira duk ta yi fari. Nakan duba in wuce, don a raina ina jin haushinsa. Shi yana can yana wasa da ƙanƙara, ni ina nan ina jin abin da ake faɗa a kan ubanmu.

Wata Laraba ina ofishin malamai ina duba littattafan 'yan aji biyar, sai ga wani hoton. Daga sama aka ɗauke shi. Gangare ne tsakanin duwatsu biyu, an kafa jajayen sanduna a jere sun ratsa shi. Na bakin nan da na bakin can suna daidai, na tsakiya sun lanƙwaso ƙasa. Na ajiye jan biro. Na san wannan lanƙwasa kamar yadda na san fuskar Inna, don shekara shida ina ganinta ko na rufe ido.

Na fita bayan aji na kira shi.

"Mutawakkil, wa ya matsar da sandunan ga?"

"Yaya Rekiya, ina wuni? Ko gaisuwa babu?"

"Na ce wa ya matsar da su?"

"Ba kowa. A miƙe muka kafa su shekara huɗu da suka wuce. Ƙasar ce ke tahiya da su."

Ya shiga yi mini bayani da muryar nan tasa ta malaman jami'a. Wai ƙasar da ke cike da ƙanƙara, in tana kan gangare, nauyinta yakan sa ta riƙa rarrafowa ƙasa a hankali, ba ta tsage ba, ba ta rufto ba, kamar tuwo mai laushi a faifan da aka karkata. A shekara ta yi yatsa biyu, ta yi huɗu, in zafi ya ƙaru ta ƙara sauri. Gefe da gefe dutse yana riƙe ta, shi ya sa tsakiya ke yin gaba. Mutum zai yi rayuwarsa a kai bai taɓa ji ba.

Na bar shi ya gama. Na ce, "Kai ka ɗauki hoton ga?"

"Ni na ɗauka."

"To sake dubanshi. Ka cire ƙanƙarar, ka sa dawa, ka sa bini-da-zugu wurin sandunan."

Da ya yi magana muryarsa ta koma ta yaron da na goya.

"Yaya, nan ƙanƙara ce. Gida babu ƙanƙara."

"Ban tambaye ka ƙanƙara ba. Ƙasa tana tahiya ko ba ta tahiya?"

"Tana yi. Laka ma tana yi. In ta sha ruwa ta kumbura, in rani ya yi ta tsattsage, kowane zagaye ta ɗan zame ƙasa. Balle in ƙorama na cin gindin gangaren." Sai ya ce, "Ban taɓa kawo gonarmu a raina ba."

Nan na buɗe masa wuta. Na ce shekara huɗu yana kallon amsar da ido biyu, yana auna ta, yana rubuta ta a takarda don wasu mutanen da ba su san sunan ubansa ba, bai taɓa tuna gonar da aka yi noma aka saya masa takalmin makaranta ba. Na faɗi abin da ya kamata da wanda bai kamata ba. Da na gaji sai ya ce in je gonar in duba masa abu uku, gindin itatuwa, da saman gangaren, da duk wani abu da aka gina a miƙe.

Ran Asabar na shiga gonar da wayata. Itatuwan gawo biyu da ke tsakiyar gangaren, gindinsu ya kwanta ya nufi ƙorama, sannan suka miƙe sama, kamar sandar makiyayi. Tun ina yarinya nake hawansu ban taɓa tambayar dalili ba. A saman gonar Baba ga tsaga doguwa ta ratsa, wadda kowace bazara yakan cika ta da kara da ƙasa yana mita. A gonar Baffa Rabo kuwa ga tsohuwar rijiyarsa, wadda ta karkace har guga ya daina kaiwa ruwa ba tare da ya goga bango ba. Lokacin da ya bar ta cewa aka yi aljanu ne suka zauna a ciki. Su aljanu sun sha ɗaukar laifin ƙasar nan, sai da aka zo kan iyaka aka ga ubana ya fi su dacewa.

Na tura hotunan. Mutawakkil ya ce alamu sun nuna, amma shi ba zai rantse ba sai an auna. Na ce kada ya ƙara ambata mini kalmar rantsuwa. Ya ce hanyar aunawa ɗaya ce, irin tasu ta can, a kafa ƙarafa a layi ɗaya, a jira.

"A jira har yaushe?"

"Damina ɗaya, in an yi sa'a. Ko biyu."

Baba kuwa a lokacin sai an ɗaga shi an zaunar, maganarsa kalma biyu ce uku, da ƙyar. Ban san ko yana da damina biyu ba.

Na san in ni na kafa ƙarafan, ko sun yi tafiya har Kurfi cewa za a yi 'yar ɓarawo ta gaji ubanta. Saboda haka ranar kasuwar Kurfi na tafi rumfar da Baffa Rabo ke awon hatsi. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, don kada a ce rashin kunya ta kawo ni. Ya amsa yana kallon tiyarsa.

Na ce, "Baffa, na zo da magana kan iyaka."

"Wagga magana ta ƙare, ɗiyata. Wanda ya yanke ta ya hi ni, ya hi ki."

"Ba ta ƙare ba. Ƙasar ce ke zamewa, ba Baba ne ya matsar da komi ba."

Mutanen da ke rumfar suka yi dariya. Wani ya ce ashe gona ma ƙafa gare ta, boko bai bar komai ba. Baffa Rabo bai yi dariya ba. Ya ce in tashi in tafi gidan mijina.

Ban tashi ba. Na ce zan kawo ƙarafa bakwai da siminti. Shi da hannunsa zai kafa su, a tsakiyar gonarsa, ba ta Baba ba, a bin waya da za a ja daga dutse zuwa dutse. Shi zai dafa hannunsa a kan ɗanyen simintin kowane ɗaya, yadda in an tona zai gane. In damina ta wuce suna nan daidai da wayar, ni Rekiya zan tsaya a ƙofar masallacinmu ranar Juma'a in faɗa da bakina cewa ubana ya yi rantsuwar ƙarya.

Baffa Rabo ya ɗago ya dube ni a karo na farko.

"In kuma sun motsa hwa?"

"Ka tako har ɗakin da yayanka ke kwance, da mutanen da suka ji ka ce mashi ɓarawo, ka ce mashi ba shi ba ne."

Ya daɗe yana juya hatsi a tiya. Ina ganin ya yarda ne don ya tabbata ƙasa ba ta tafiya, kuma yana son a bar shi ya huta. Ya ce, "Allah Shi kai mu."

Da na gaya wa Mutawakkil abin da na ɗaura wa kaina, sai da ya yi salati. Ya ce wata shekarar ƙasa takan tsaya cik, in ruwa bai yi yawa ba. Na ce to ya yi addu'a a yi ruwa, tunda abin da zai iya yi daga can ke nan. Inna kuwa kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Mijina Munzali mai walda ne, shi ya yanka rodin, kowane kamu uku, ya shafa musu jan fenti a kai. Cikin watan bazara muka taru a gonar, da Liman da dattawa huɗu. Aka buga ƙusa a jikin dutsen gabas, aka buga a na yamma, aka ja waya har tana ƙara in an taɓa. Baffa Rabo ya kafa ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, kowane yana shafar wayar, ya dafa tafinsa a siminti sau bakwai. Liman ya bi ya duba ya ce sun yi daidai. Aka kwance wayar aka ba Liman ajiya.

Ban taɓa sanin damina tana da tsawo haka ba. Duk Juma'a sai na bi ta gonar kafin in shiga gida, in tsuguna in kalli jajayen kawunan nan ta cikin dawa, ba abin da nake gani. A hanya yara suna tambayata ko gonar ta iso. Wata mata a gidan suna ta ce mini, cikin tausayi wai, in fara shirya abin da zan faɗa a ƙofar masallaci, kada ranar ta zo in rikice. Na ce mata na gode, ita ma ta fara shirya inda za ta sa fuskarta. A raina kuwa tsoro ne fal. Akwai ranar da na tsaya a gangaren na buga ƙafa a ƙasa kamar mahaukaciya, ina ce mata ta motsa.

Bayan an yanke dawa aka koma. Aka ɗaura wayar a ƙusoshin nan aka ja. Na bakin gabas yana shafar waya, na bakin yamma ma haka. Na tsakiya kuwa ya bar ta. Liman ya sa hannunsa tsakanin ƙarfen da wayar, yatsunsa huɗu suka shige daidai.

Baffa Rabo ya tsuguna ya duba simintin. Tafinsa yana nan, ko tsaga babu. Ya miƙe ya ce, "Yatsa huɗu ba taku ukku ba ne."

Na ɗauki kara na rubuta masa a ƙasa. Yatsa huɗu sau shekara talatin da huɗu, yatsa ɗari da talatin da shida. Na ce a jera su a gani. Munzali ya auna da tef ɗinsa, ya ja layi, ya taka, taku uku har da ɗan ragowa. 'Yan aji huɗu ma za su iya wannan lissafin.

Baffa Rabo ya ce shi bai yarda da shekara ɗaya ba, wataƙila wayar ce ba a ja ta kamar wancan karon ba, a ƙara damina. Dattawa suka ce ai gaskiya ne, abin da aka yi shekaru ana ciki, mene ne shekara ɗaya. Haka suka faɗa, suna gyara hula. Su ba su ne ke juya Baba ba, ba su san yadda ƙashin bayansa ya fito ba. Na so in kama wayar nan in naɗe su da ita gaba ɗaya, amma na haɗiye, don in na yi faɗa ranar sun samu hanyar gudu.

A cikin wannan shekarar ciwon ya sake bugun Baba, muka yi kwana tara a asibiti. Na zauna a gefen gadonsa ina lissafin watanni, ina jin haushin ƙasar da ta iya ɓata sunan mutum amma ba ta iya sauri ta wanke shi. Allah Ya sa ya tashi. Muka dawo da shi gida ya fi da rauni, amma idonsa yana gane kowa.

Damina ta biyu ta yi ruwa sosai, har ƙorama ta ƙara cin wani yanki na gindin gonar Baffa Rabo. Ranar awo ba mu kaɗai ba ne, rabin gari ya fito, har da masu tambayata ko gona ta iso. Wannan karon Baffa Rabo da kansa ya ɗaura wayar, shi ya ja ta, ya sa aka ƙara ja. Ya taka zuwa ƙarfen tsakiya ya buɗe hannunsa. Taƙi guda, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, wayar ba ta taɓa ƙarfen ba. Na kusa da shi hagu da dama sun bi shi, kowane gwargwadonsa. Ko makaho ya shafa zai ji layin ya fara lanƙwasa irin ta bini-da-zugun da ke sama da shi.

Sai aka shiga cewa ikon Allah, ikon Allah. Kowa yana faɗa yana kallon ƙasa kamar ita kaɗai ce mai laifi a wurin. Wani dattijo, cikin waɗanda suka zauna ranar rantsuwa, ya ce, "To in haka ne, mi ya ci Malam Sa'idu?"

Na ce wa dattijon, "Hawan jini, Baba. Sauran kuma ku kuka cinye."

Ba wanda ya ce in yi ladabi. Baffa Rabo ya zauna a kan kunya, ya cire hularsa ya riƙe. Na zaci in na ga wannan rana zan ji sanyi, sai na ji haushina ya ƙaru, don na ga abin da sauƙi, waya ce da rodi bakwai. Shekara takwas da suka wuce ma akwai waya da rodi a kasuwar Kurfi, haƙurin tambaya ne babu.

Na ce, "Baffa, saura alkawari."

Ya miƙe. Muka kamo hanyar gida, shi a gaba, Liman da dattawa a baya, rana tana tsaka. A bakin zaurenmu ya tsaya kamar zai juya, sannan ya cire takalmi ya yi sallama. Inna ta amsa daga tsakar gida, da ta ga ko wane ne sai ta ja mayafinta ta rufe baki.

Baba yana jingine da filo a kan katifarsa. Ɗakin bai ɗauki kowa da kowa ba, saura suka tsaya a ƙofa. Baffa Rabo ya durƙusa, ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Baba ya daɗe yana kallonsa. Sai ya miƙa hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya kamo hannun ƙanensa ya riƙe gam. Shi ya fara magana, kalma ɗaya-ɗaya, yana jan kowace da ƙyar.

"Rabo. Ka zo. Ka yahe mani. Na ci maka gona."

Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi. Baffa Rabo ya ce, "A'a, Yaya, ba ka ci ba. Ƙasar ce ke zamewa, mun auna, na gani da idona. Ni ne na zalunce ka."

Baba ya girgiza kai. "Da ban ci ba, da Alƙur'ani bai kama ni ba."

Na juya na dubi Inna. Ta kau da fuska. Ta ce a hankali, ya fi shekara biyar yana faɗin haka, duk safiya in ta yi masa alwala. Tun yana cewa bai tuna ya matsar ba, har ya koma cewa wataƙila garmarsa ce ta riƙa turawa bai lura ba, har ya daina cewa wataƙila. Ita ta hana shi faɗa a gabana.

Na durƙusa kusa da shi. Na yi masa bayani tun daga farko, laka da ruwa da ƙorama, ƙarafa bakwai, yatsa huɗu sau talatin da huɗu. Na nuna masa hoton Mutawakkil, na nuna masa na gonarmu. Liman ya matso ya ce, "Malam Sa'idu, rantsuwarka gaskiya ce, ni shaida ne." Baba ya saurare mu duka, bai katse kowa ba. Da muka gama ya dube ni da irin kallon da yake mini ina ƙarama in na yi ƙarya don in kare Mutawakkil daga duka.

"Allah Shi yi maki albarka, Rekiya. Ki bar kare ni."

Ya mai da ido kan ƙanensa. "Ka yahe mani, Rabo. Kada in tahi da ita."

Baffa Rabo hawaye yake har gemu. Ya ɗago ya dube ni, yana tambayata da ido abin da zai yi. Shekara biyu na yi ina jan garin nan da ƙarfi zuwa ƙofar ɗakin nan don a ce wa ubana ba shi da laifi, ga su sun zo, sun faɗa, shi kaɗai ya rage bai yarda ba. Numfashinsa yana sama-sama, idonsa bai bar bakin ƙanensa ba.

Na ɗaga wa Baffa Rabo kai.

Ya ce, "Na yahe maka, Yaya. Duniya da lahira."

Baba ya saki ajiyar zuciya, ya saki hannun, fuskarsa ta kwanta yadda ban ga ta kwanta ba tun ranar da ya faɗi a gona. Ban taɓa tsanar wata magana kamar wadda Baffa Rabo ya faɗa ba, kuma ni na ba shi izinin faɗinta.